Ajin Malam Isyaku Mai Surutu

Malam Isyaku Darki yana da shekara arba'in da bakwai, kuma shi ne malamin aji ɗaya a wata firamare da ke Sabon Garin Wudil. Tun da arzikin mai ya shigo, abokan aikinsa da yawa sun ajiye alli sun kama kwangila. Shi yana nan da kekensa.

Bai iya dukan yara ba. In aka kawo sabon yaro, sai ya zaunar da shi a ƙasa, ya riƙe masa yatsa su ja baƙi a kan rairayi, a share, a sake, har hannun ya faɗa. Da can yara kaɗan ne. Amma da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, sai aji ya cika har bakin ƙofa. Yana durƙushe wajen ɗaya, sauran sun mai da ɗakin kasuwa.

Aji na kusa da shi na Malam Dabo ne, saurayi, sabon fitowa daga horon malanta na gaggawa. Can ko tari ba a yi. Iyaye suka fara kwatance. Wani manomi ya tare Malam Isyaku a hanya ya ce, "Malam, mun kawo maka yaro ka gyara, kai kuma ka zauna kuna wasan ƙasa!"

Hedimasta ya kira shi ofis. "Malam, kai babba ne, ina jin nauyinka. Amma in ajin nan bai yi shiru ba kafin hutu, Dabo zan haɗa wa, kai ka koma kula da sito."

"Ranka ya daɗe, yaran nan fa jiya aka yaye su."

"Na Dabo da gemu aka kawo su?"

Daga nan ya kasa zaune ya kasa tsaye. A gida sai ya yi ta juya loma, har matarsa Hansai ta ce, "Malam, tuwon nan dai bai yi maka laifi ba." Ya yi ta kai da komo a bakin ajin Dabo, daga ƙarshe ya shiga ya ari tsumagiya.

Wata yarinya, Turai, ita ta fara dariya a ranar. Ya tsula mata a baya. Aji ya yi tsit. Hedimasta ya leƙo ta taga, ya gyaɗa kai, ya wuce. Amma da Malam Isyaku ya durƙusa zai kama yatsanta, sai ta janye hannu ta cusa a hammata. Na gefenta ma haka. Ranar ba a ja baƙi ko ɗaya ba.

Hutu ya matso, hedimasta bai janye maganarsa ba. Wata ranar Litinin, Malam Isyaku ya mayar wa Dabo tsumagiyarsa. Ya tasa yaran a gaba, ba tare da ya nemi izini ba, ya kai su can ƙarshen filin makaranta, gindin darbejiya, inda muryarsu ba ta isa ofis. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ce su zauna.