Baba Mai Waya da katin da tsawa ta ƙona

Babanmu dai kowa Mai Waya yake ce masa, har Mama in ta ji haushi haka take kiransa, don tun yana saurayi sandunan tarho yake hawa yana gyara layi, sai da mutane suka daina tarhon gida kamfanin ya rufe sannan ya sauko, kuma da ɗingishi ya sauko don ya taɓa faɗowa. Daga nan ya samu aiki a wata makarantar koyon kwamfuta a saman bene, ɗaki ɗaya ne dogo, kwamfuta goma sha huɗu, fanka biyu ɗaya ba ta juyawa. Shekara sha shida yana wurin.

Aikinsa duka wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin tebur can lungu, da fara ce amma ta koma ruwan ƙasa. Linuks ce a cikinta, ba hoto ba komai, baƙin allo ne da farin rubutu, duk makarantar ba mai iya mata magana sai shi. Kati biyu ne a cikinta, ta ɗaya intanet ke shigowa, na biyun shi ke raba wa sauran sha huɗun. Tsohuwa yake ce mata. Mama takan ce, "Da ni kake goge wa ƙura yadda kake goge mata, ai da har yanzu budurwa ce ni."

To ran Asabar aka yi ruwa da tsawa, Litinin da safe ya je ya tarar katin na biyu ya ƙone har ƙauri yake. Darakta, wato mai makarantar, ya hawo bene yana haki ya ce ran Alhamis ɗalibai za su yi jarabawa ta intanet.

"Mai Waya, in ba ta tashi zuwa Laraba da yamma ba, akwai ɗan akwatin nan rauta, duk aikin nan yake yi, kuma shi ba ya buƙatar mai gadi."

"Ranka ya daɗe za ta tashi."

"Kai da ita ban san wa ya girmi wani ba."

Da dariya ya faɗa amma Baba ya gane sarai, ranar da akwatin ya shigo ranar shi zai fita.

Sababbin kati ba sa shiga raminta, sai da ya je layin masu tsoffin kaya, mai shagon ya ce kai Baba wannan ai sai gidan tarihi, ya zazzage kwali ya samo masa ɗaya. Ya dawo ya sa, koriyar fitila ta kama, tana ƙyafta ido ma, amma sha huɗun nan shiru. Ya canza waya, ya yanke kan wayar ya sake matsewa, ya cire katin ya goge haƙoransa da magogin fensir ya mayar a wani ramin, shiru. Talata ya koma kasuwa da ɗingishinsa ya ce katin ne ba kyau aka canza masa wani, wannan ma fitila kawai. Ga idonsa ba shi da ƙarfi yanzu, tabarau ɗinsa hannu ɗaya da zare aka ɗaure, sai ya kai hancinsa jikin allo yake karatu.

Ran nan da ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba, ya zauna bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

"Malam ka ci mana, ko ita ma ta ce kar ka ci?" in ji Mama.

"Tana ganin katin fa. Tana ganinsa amma ta ƙi shi."

"To ka kira wani ya duba maka."

"Wa? Wa ya san ta?"

Mama ta ɗauke kwanon.

Laraba da azahar, shi ya ba mu labarin nan daga baya guntu-guntu, ya ce wa Tsohuwa ta lissafo masa katin da ke cikinta. Ita lamba take sa musu, na shigowa sifili, na rabawa ɗaya. Sai ya ga sifili, ya ga uku, babu ɗaya. Ashe tun farko ta rubuta shaidar wancan da ya ƙone a wani fayil ta ajiye masa lamba ɗaya, duk sabon da aka sa sai ta ba shi wata lambar, na Litinin biyu, na Talata uku. Shi kuma duk umarnin da ya rubuta mata shekara da shekaru cewa yake ki raba ta ɗaya. Kwana uku tana ta miƙa wa mataccen kati saƙo. Ya nemo fayil ɗin ya goge layukan, ya kashe ta ya kunna, wallahi sha huɗun nan suka kama gaba ɗaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, ƙarfe uku ma ba ta cika ba.

Ya fito zai kira Darakta sai suka yi kaciɓus a matakala, Darakta da ɗan kwali a hammata.

"Ranka ya daɗe ta tashi! Zo ka gani, yamma ba ta yi ba!"

"Sannu Mai Waya, ka yi ƙoƙari." Bai ma leƙa ɗakin ba. "Amma kwana uku fa. In gobe ana tsakiyar jarabawa ta sake? In kai ne ka kwanta ciwo, wa zai mata magana?"

Baba ya ce gaskiya ne, shekara sha shida bai koya wa kowa ba, gani yake in ya koyar ya kori kansa.

Darakta ya miƙa masa kwalin rautar ya ce don Allah ya haɗa. Ya haɗa, minti goma bai kai ba, har ya bi wayoyin ya ɗaure su tsaf jikin bango yadda ɗalibai ba za su yi tuntuɓe ba. Sannan ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya kashe Tsohuwa da hannunsa.

An yi jarabawa lafiya. Ƙarshen wata Darakta ya ce ya ɗan huta a gida, in an buƙace shi za a kira.

Wata biyu ke nan yanzu. Kullum wayarsa cike da caji, ko banɗaki zai shiga sai ya ce Mama ta riƙe masa kar a kira. Sau ɗaya aka kira, shekaranjiya, ya miƙe tsaye ya amsa har yana gyara hula. Makullin kabad suke nema.