Baba Mai Wasiƙa Ya Rage Sauri

Shekara talatin Baba Mai Wasiƙa yana zaga gari da jakarsa, har sauri ya zame masa jiki. Ko coci za su, sai ya bar matarsa a baya. Da ƙafarta ta shanye, ta ce ta daina zuwa, kada ta makarar da shi.

Da ya ji haka, ran Lahadi ya miƙa mata sandarta.

"Maigida, sai an tashi za mu isa."

"Yakubu na Littafi Mai Tsarki ma a hankali ya bi hanya, daidai ƙarfin yara da dabbobinsa."

"Au, ni ce dabbar?"

"Ke ce yarinyar."

Ta yi dariya, ta kama hannunsa. Ana waƙar ƙarshe suka shiga, suka zauna tare a bencin baya.