Tudun Yashi Tsakanin Lolo da Gida

Ƙarar ƙoƙo na kankarar cikin jirgi ita nake fara ji idan na tuna ranar. Ana kwarfe ruwa, ruwa na komowa.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai ce, ƙarshen damina, kogin Kwara ya cika. Na zo hutu daga makarantar kwana, na raka goggona cin kasuwar Lolo, muna komawa Bagudo a babban jirgin katako. Akwai fatake 'yan Dahome da buhunan gishiri, akwai mata da manja da busasshen kifi, mu kuma muna tsakiya a takure.

Hankalina ba ya wurin. A zangon da ya wuce malamarmu, wata 'yar kudu, ta karanta mana labarin wani jirgi mai tafiya tsakanin taurari. Wani ɓangarensa ya fashe, iska tana zurarewa, sai shugaban jirgin ya sa aka rufe ƙofar ƙarfe alhali akwai mutanensa a bayanta, don sauran su tsira. Labarin ya hana ni sakat. Na yi ta juya shi ina neman wata dabara da zai yi, ban samu ba, kuma ban yafe masa ba. Na soma ba goggo labarin, ta katse ni.

"Jirgi cikin taurari? To ina suka ɗaure shi in sun iso? Ke ɗiyar ga, boko na son taɓa miki kai. Janye ƙafarki, ruwa na jiƙa miki zane."

Da gaske ruwan ya kai idon sawu. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara ɗaga kogin tana watso mana shi. Sarkin jirgi, wani dogon mutum mai furfura a gemu, yana tsaye a baya da gorarsa. Ya ɗaga murya.

"Kowa shi zamna inda yake. Wanda duk ya miƙe, ni da shi."

Ya raba matuƙa gefe da gefe, ya sa mata biyu kwarfa, ya hana kowa leƙa ruwa. Sannan ya karkata jirgin zuwa wani tudun yashi da ya rage a tsakiyar kogi, bai fi faɗin tsakar gida ba. Ya sa aka sauke buhunan geronsa. Jirgin bai ɗago yadda yake so ba. Ya ce dole wasu su sauka su jira, zai kai saura gaɓa ya dawo.

Ba wanda ya motsa. Duk muna ganin yadda ruwa ke cin bakin yashin. Wani bafatake ya ce shi ba ya rabuwa da gishirinsa, wani ya ce ƙafa ke masa ciwo.

"Ƙafar da ka yini kana zagaya kasuwa da ita?" in ji goggo. Ba a yi dariya ba.

Sarkin jirgi ya ɗaga gora ya nuna wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni, 'yar ƙarama, riƙe da ƙullin daddawa. Bai dube ta ba, bai yi mata magana ba. Ita ma ba ta dube shi ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta dafa kafaɗata, ta taka cikin ruwa ta hau yashin, ta zauna kan buhu.

Na ji kamar in yi ihu. Nauyin me gare ta? Ga ƙarti zaune! Na yunƙura, goggo ta danne mini cinya.

Sai mai gishirin ya yi tsaki ya tuɓe takalmansa ya sauka. Mai ciwon ƙafa ya bi shi, kansa a ƙasa. Wasu mazan suka bi. Jirgin ya ɗago, muka tafi.

Ban daina waige ba. Yashin ya yi ta ƙanƙancewa har ruwan sama ya shafe shi daga idona. Da muka sauka, sarkin jirgi ko numfashi bai tsaya yi ba, ya juya da matuƙansa. Goggo ta ce mu shiga rumfa, na ƙi. Na yi ta kai da komo a bakin gaɓa cikin ruwan, ina karanto duk addu'ar da na sani, ina jin haushin mutumin nan har cikin haƙorana.

Wajen magariba suka dawo. Ruwa ya tafi da geron. Mazan sun ce ruwa ya kai musu gwiwa, sun ɗora tsohuwar a wuyan mai gishiri. Ta wuce ta gabana tana rawar sanyi, ƙullin daddawarta a ka.

Sai bayan na yi aure ina koyarwa a Kamba wata mata daga dangin masu jirgi ta gaya mini al'adarsu: ba a sauke baƙo a tsakiyar ruwa muddin akwai jinin mai jirgi a ciki. Tsohuwar nan mahaifiyar sarkin jirgin ce, shi ne ɗanta na fari.