Wa Ya Sa Fuskar Nicanor?

Nicanor Bacasegua mutumin ƙauyenmu ne, nan bakin kogin Mayo. Tun yana saurayi aikinsa biyu ne. In tumatir ya nuna, ya bi mota zuwa manyan gonaki tsinka. In lokacin ya wuce, ya koma wa awakinsa. Bai taɓa riƙe wani muƙami a coci ba, ba ya kiɗa, ba ya waƙa. Rawa kuwa, matarsa Bartola ta ce tun ranar bikinsu da ya tattake mata ƙafa ta yafe masa ita har abada.

Yana da shekara sittin da ɗaya 'yarsa Rufina ta kwanta naƙuda, kwana biyu abu ya ƙi. Nicanor ya shiga coci ya durƙusa, ya yi wa Allah alkawari cewa in ta tashi zai yi Bafarisiye shekara uku, wato ya shiga sahun masu rufe fuska da fata lokacin azumin coci. Ta tashi, ita da jaririyarta.

Da azumin kwana arba'in ya zo, ya yanka bunsuru, ya jeme fatar, ya ɗinka fuskar da zai sa, kamar yadda kowane Bafarisiye ke yi. Sai dai hannunsa bai san allura ba. Kunne ɗaya ya miƙe, ɗaya ya kwanta, hancin katakon ya karkace hagu. Ya yafa bargo, ya ɗaura akayau a ƙafa, ya sa gicciyen carbinsa a baki don kada magana ta suɓuce masa, ya bi sahu suna kewaya coci kowace Juma'a. Ranar Asabar ta Ista aka jefa fuskokin duka a wuta. Shekara ta biyu ya ɗinka sabuwa, ta sake fitowa a karkace kamar da gangan. Ta uku ma haka. Kowa ya san ta, amma ba mai faɗa, don ba a kiran sunan mutumin da ke cikin fuska.

A shekara ta ukun nan, Juma'a uku kawai ya yi. Ya hau bishiya saro ganyen da za a yi wa coci rumfa, reshe ya ɓalle da shi, ƙashin cinya ya karye. Aka kai shi asibiti a birni, aka sa masa ƙarfe. Rufina ta bi shi jinya, Bartola ta zauna da awaki. Sati biyar yana kallon rufin ɗaki, Ista ta wuce yana kwance. Abu ɗaya yake ta juyawa a ransa: ya karya alkawari, kuma a kan ran 'yarsa ya yi shi.

Ranar da ya dawo gida da sanda, Baba Eleuterio, shugaban Farisiyawa, ya zo gaishe shi. Aka kawo kofi.

"Sannu, Nicanor. Allah ya karɓa. Ka sauke kaya."

"Wane kaya, Baba?"

"Alkawari mana. Uku sun cika."

"Baba, Juma'a uku na yi na faɗo. Ba kai ka kama ni aka sa a mota ba?"

"Ni ne. Amma fuska arba'in da huɗu na ƙirga ranar farko, arba'in da huɗu suka shiga wuta. Mai kwantaccen kunnen nan ba ta yi fashi ba ko sau ɗaya."

Nicanor ya ajiye kofinsa. Ya dubi ƙusar da ya rataye fuskar a jikin rumfa, babu komai a kai.

"To wa ke ciki?"

"Haba Nicanor, da girmanka? Ana tambayar wannan?"

Dattijon ya shanye kofi, ya sa hularsa, ya tafi.

Nicanor ya juya wajen matarsa. "Ke 'yar tsohuwa, wa ya ɗauke ta a nan?"

"Na kai awaki ruwa, na dawo ban gan ta ba. Ranar Juma'a sai ga ta a sahu."

"Ba ki tambaya ba?"

"In tambayi wa? Shi da gicciye a baki? Na dai ba shi abinci ranar da suka biyo gida-gida. Ya ci tortiya, wainar masarar nan, har takwas a bayan rumfa, ya bar min kwano fes."

"Dogo ne ko gajere?"

"Bargo na gani. Abin da na sani, bana ka fi kowace shekara iya rawa. Har mata na ce min, Bartola, ashe tsohon naki yana da ƙugu?"

Bai yi dariya ba. Ya fara lissafa mutane. Mijin Rufina yana can arewa wajen tsinkar inabi tun kafin azumi. Ƙanen Nicanor kuma ya rasu. Sai ya ɗingisa zuwa gidan Herculano, wanda ya riƙe Rufina ranar baftismarta, shi ya sa suke kiran juna kompa. Herculano ƙato ne, ya gama nasa alkawarin shekara talatin da suka wuce. Yana zaune yana gyaran sirdi.

"Kompa, kai ne?"

"Ni ne me?"

"Ka sa fuskata."

"Dubi kaina, dubi wannan 'yar jakar da kake ɗinkawa. Ko kunnena ɗaya ba zai shiga ba. Kuma ni in zan sa fuska, sai in rasa wadda zan sa sai mummunar nan? Karnuka ma ba haushi suke mata ba, tausayi suke ji."

"To wane ne?"

"Kai ne mana. Duk gari ya gan ka. Da ƙafa biyu ka kasa, sai da ka karye ka koyi taka rawa."

Nicanor ya koma gida kansa ya ƙara ɗaurewa. Da Fada, limamin coci, ya zo ƙauye ƙarshen wata, ya tare shi a ƙofar coci ya zayyana masa komai. Fada ya ce Allah zuciya yake dubawa, ya kwantar da hankalinsa.

"Ai Fada, zuciyar ma tana asibiti tare da ni," in ji Nicanor.

Ya sake komawa wurin Baba Eleuterio, ya ce ya bar batun suna, a gaya masa abu ɗaya kawai: shekarar ta shiga ko ba ta shiga ba? Dattijon ya daɗe yana sosa gemu. Ya ce a wajensu fuska ake ƙirgawa, kuma ta cika. Amma bakin da ya yi alkawari na Nicanor ne, ba na fatar bunsuru ba. Ya ce shi tun zamanin kakansa bai ji an taɓa yin irin wannan ba.

"To in sake ko kada in sake?"

"In ka sake ba laifi. In ba ka sake ba, ni ba zan ce ka yi laifi ba."

Da wannan amsar ya yi damina, ya yi kaka. Rufina ta yi tari, gabansa ya faɗi. Jikar ta yi zazzaɓin haƙori, ya kasa cin abinci. Wata rana ya ce shekarar ta shiga, washegari ya ce ba ta shiga ba. Ƙafar kuwa ta warke a gajarce, daga gida zuwa rijiya sai ya huta sau biyu.

Saura sati biyu azumi, Rufina ta same shi yana kankare fatar bunsuru.

"Baba, kashe kanka za ka yi? Ga ni nan lafiyata lau. An ce maka ya cika."

"An ce min fuskar ta cika nata. Nawa ne ban sani ba."

Haka ya shiga shekara ta huɗu, ko ta uku, ya danganta da wanda ka tambaya. Sanda a hannun da ya kamata ya riƙe takobin katako. Sahu ya kewaya coci ya dawo, shi yana gicciye na biyar cikin waɗanda aka kakkafa a hanyar, zufa na ɗiga ta ƙasan fatar. Mai ganga ya riƙa rage hannu ba tare da kowa ya ce masa ya rage ba. Ranar Alhamis ta makon ƙarshe ya faɗi sau biyu, Farisiyawa biyu suka ɗaga shi. Bai yi fashin Juma'a ko ɗaya ba. Ranar Asabar, da aka buga ƙararrawa, ya cire fuskar ya jefa ta wuta da hannunsa, ya tsaya har hancin ya cinye.

Ya samu benci a rumfa ya zube. Bartola ta miƙa masa kwanon wakabaki, romon naman biki, naman na tururi. Herculano ya zo ya zauna kusa da shi, bencin ya yi ƙara.

"To kompa, yanzu ya cika?"

"Ya cika."

"Uku ke nan, da ta bana?"

"Uku."

"Ta bara fa? Ta wa ce ke nan?"

Nicanor ya tsaya da cokali a hannu. Bai taɓa tunanin wannan ba.

"Wani bawan Allah ya sha rana sati uku, fata ta sale masa hanci, warin bunsurunka ya hana matarsa zama kusa da shi, yanzu ka ce a banza ya yi?"

"Wane ne shi, kompa?"

"Ina na sani? Ci abincinka."

Nicanor ya ci loma biyu. Can ya ce ko za su je su tambayi Baba Eleuterio inda ake kai shekarar da ta yi rara. Herculano ya ce shi ba inda za shi, ya jawo kwanon gabansa ya tsamo ƙashin da ya fi tsoka.