Ranar da Surukina Ya Yi Mini Fifita

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da surukina ya zo shagona na walda a Kazaure. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

A lokacin ban daɗe da sayo injin waldar agon ba, irin wanda ake ɗinke alminiyam da shi. Ba irin waldar ƙofa da taga da muka saba ba ce. Agon wata iska ce da ke cikin tukunya irin ta gas, tana fitowa a hankali ta lulluɓe wurin da ƙarfe ke narkewa. In wani abu ya kore ta, ko hucin fanka ne, ɗinkin zai yi baƙi ya huhhuje.

Tsakiyar bazara sai ga Baba, mahaifin matata, daga wajen Roni, da injin ban ruwansa ɗaure a bayan babur. Gangar jikin injin ta tsage, tumatirinsa kuwa ya fara fure, ƙasa ta bushe ƙamas. Ya ce, “Malam, in ruwa bai hau gonar nan gobe ba, wahalar bana ta tafi a banza.” Na durƙusa na ce in Allah ya yarda an gama. Na saci kallon agogon tukunya, iskar ta yi ƙasa sosai, kuma sai Kano ake cika ta. Amma za ta isa, in ba a yi ɓarna ba.

Na kankare tsagar da buroshin waya, na wasa allurar da ke bakin abin waldar, na maƙala wayar ƙasa, na buɗe tukunya, na rufe fuska. Ina farawa na ga wutar tana tartsatsi, ɗinkin yana ido-ido kamar waina. Na ɗaga gilashi. Ashe Baba ne ya ga ina zufa, ya jawo fankar shago ya saita mini ita a ƙeya!

To ni yanzu in ce me? Mutumin da ko abinci ba na iya ci a gabansa, in buɗe baki in ce ya ɓata mini aiki? Sai na kashe fankar na ce, “Baba, mura nake ji, ba ta son fanka.” Ya ce, “Af, sannu! Ai iskar lantarki ba ta da kirki.” Na ce a raina alhamdu lillahi. Na kankare ɓarnar, na sake rufe fuska.

Wallahi ban yi nisa ba na ji wata iskar, fat, fat, fat. Dattijon nan mafici ya aro wajen mai gasa masara, ya tsaya a kaina da hannu bibbiyu yana ta aiki. Na ce, “Baba, don Allah ku zauna ku huta.” Ya ce, “Kana ƙona kanka saboda ni, ni kuma in zauna? Yi aikinka.” Na kawo kujera, ya ƙi. Na sayo masa lemo, ya riƙe a hagu yana fifita da dama. Haka na yi ta ɗinki ina kankarewa, ina cizon leɓe a cikin gilashi, agogon tukunya yana ta sauka. Takaici kamar in fashe da kuka.

Maƙwabcina mai sayar da kayan gyaran babur, mutumin kudu ne da ya daɗe a garin, shi ya leƙo. Ya kalli ɗinkin, ya kalli maficin, ya ce, “Haba Baba! Ai wannan fifitar ce take kashe aikin.”

Baba ya sauke hannu. Ya dube ni ya ce, “Malam, ka san haka?” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “Ikon Allah. Ni kuma tun ɗazu kafaɗata kamar za ta cire, ina jin nauyin in daina ka ce na gaji da kai.”

Nan take ya tuɓe babbar rigarsa ya baza ta, ya tare mini iskar titi. Ɗinki ya fara tafiya sumul, fari tas, gwanin kyau. Saura ɗan abin da bai kai tsawon yatsa ba, tukunya ta yi shiru.

Kafin in je Kano, in jira a cika, in dawo in ƙarasa, rana ta gama da gefen gonar da ke kan tudu. Na kwari ne kawai ya sha. Baba bai taɓa yi mini maganar ba, kuma wannan ya fi ci mini rai fiye da a ce ya zage ni.

Da tumatir ya nuna, ya aiko mana da kwando guda. A samansa an ɗora sabon mafici. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Maficin yana nan rataye a shagona. Daga ranar na gane cewa kunya ado ce, amma in ta hana ka faɗa wa babba gaskiyar da za ta cece shi, to ba girmama shi ka yi ba. Yanzu ko wane ne ya shigo, nakan durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, sannan in nuna masa maficin in ce, “Ranka ya daɗe, a nan gidan zufa muke sha.”