Ƙeyar matar Kiyoto

Faci na fara gani. An rataye farin zanen gado a kan allon ajinmu, a kusurwarsa ta hagu kuma akwai faci da aka ɗinke da baƙin zare. Na san zanen, na matar malaminmu ne, wanda muke ce wa Mushe, nakan gan shi a kan igiyar shanya in an aike ni gidansu. An toshe tagogi da tabarmi da barguna, aji ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba, ga warin fetur daga injin da ke ruri a waje. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, wani mutum ya zo daga Yamai da akwatin silima a bayan mota.

Mushe, malaminmu, ya ce silimar ta mutanen Japan ce, an yi ta a wani tsohon birninsu, Kiyoto, inda sarakunansu suka zauna kafin sarauta ta tashi ta koma wani gari.

"Kamar Matankari," in ji shi, don daga can sarauta ta taso ta dawo garinmu. Faifai biyu ne, ɗaya yau, ɗaya gobe Alhamis, kuma gobe iyaye ma suna iya zuwa.

Sai ga lunguna siriri, ga gidajen katako. Ƙofofinsu ba a tura su, ja ake yi gefe, kuma sai mace ta durƙusa kafin ta ja. Takalmansu na itace, ƙwas, ƙwas, ƙwas, taku ƙanana kamar an ɗaure musu ƙafa. Sai wata budurwa ta fito, fuskarta fari fat, bakinta ɗan mitsitsi, da wani ƙunshi ɗaure a bayanta.

"Wayyo, ina kan jaririn?" in ji abokiyar zamana.

Aji ya fashe. Mushe yana buga tebur, shi ma yana dariya. Ni ma na toshe baki da gefen zanena, amma idona bai bar zanen gadon ba. A daidai lokacin budurwar ta juya baya za ta ja ƙofa, wuyan rigarta ya sauka, sai na ga ƙeyarta. A ƙarƙashin gashi akwai wurin da farin bai kai ba, fata ce irin ta mutane, ta sauko kamar yatsu biyu. Kafin in zunguri kowa har ta wuce.

Labarin kuwa, tana da ƙanwa da aka raba su tun suna yara, aka ce mata tana hayin kogi. Ta zo bakin gada da laimarta, ta ɗaga ƙafa, sai faifai ya ƙare, zane ya koma fari da facinsa. Ihun da muka yi, na tabbata an ji shi a kasuwa.

Da muka fito kowa ta kwashi garin alli ta shafa a fuska. Muka ɗaure littattafanmu a baya, muka bi hanya da ƙananan taku cikin rairayi, muna faɗuwa muna tashi. Mun rusuna wa mai tallan ƙosai, mun rusuna wa jaki. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, ni ce na rusuna wa jakin sau biyu.

Haka na shiga gida, na tarar labari ya riga ni. Kaka, mahaifiyar babana, 'yar Matankari ce, ta san iskoki da sunayensu, kuma maganarta ce ƙarshe a gidanmu.

"Wanke wagga huska!" ta ce. "Mace hwara tas, ba ta taka ƙasa da kyau, tana tsaye bakin ruwa da marece, ku ce mini mutum ce? Doguwa anka nuna muku. Gobe ba ki zuwa."

Na wanke. Aka kawo tuwo, na ture kwanon gefe. Budurwar nan tana can da ƙafa ɗaya a sama, kowa zai ga ta sauke ta, ban da ni.

Da safe Kaka ta kira ni in tsefe mata kai. Ta zauna a tabarma, na durƙusa a bayanta, ga ƙeyarta a gabana, duk ta yamutse. Wataƙila don ba ta kallona ne maganar ta fito.

"Kaka, doguwa tana shafa?"

"Shafa mi?"

"Farar ƙasa, ko alli."

"Ke dai ba ki da wayo. Launinta nata ne, mi za ta shafa?"

"To waccan ta shafa. Na ga inda shafar ta ƙare." Na ɗora yatsu biyu a ƙeyarta. "Nan."

Ta kai hannu ta taɓa wurin. Na ci gaba da tsifa. Can na ƙara da cewa garin matar ma tsohon gari ne, sarauta ta tashi ta bar shi.

"Su ma Nasara sunka yi musu?"

"Mushe bai faɗa ba."

"Allah sarki," in ji Kaka. Ta tsaya tana sosa gwiwa. "In na ga ƙeyar da idona, ki zauna ki ƙare kallonki. In ban gani ba mu taho gida tare, kuma ba ki ƙara."

Na fita bayan rumbu na yi tsalle har kaji suka watse.

Sai da muka isa ƙofar aji na tuna. Ƙeyar tana cikin faifan jiya, ga shi can a rufe cikin gwangwaninsa ƙarƙashin tebur. Na yau, wa ya sani ko budurwar za ta sake juya baya? Kaka ta riga ta zauna a bencina, gwiwoyinta sun kusa kai haɓarta, tana hararar zanen gado. 'Yan ajinmu suna ta ƙyaƙyata. Mutumin Yamai yana zura faifai na biyu a cikin injinsa, da sigari a bayan kunne.

Shekaru bayan haka Kaka takan gaya wa baƙi cewa ita ce ta fara gano ƙeyar nan, kuma ban taɓa yi mata musu ba. Amma a ranar, tsakanin bencina da teburin nan ya yi mini nisa kamar zuwa garin Sukukutane a ƙasa. Na tafi da ƙananan taku, ba don wasa ba wannan karon. Na durƙusa gaban mutumin Yamai na yi magana. Ya ce bai ji ba, in ɗaga murya.

"Don Allah ka fara sa mana na jiya, daidai wurin da ta juya za ta rufe ƙofa. Kuma in da hali ka tafi da shi sannu. Kakata ba ta gani da sauri."