Mai Manna Murjani a Ruwais

Abincin kifi kawai na shigo saya a wannan shago na Ruwais, amma mai jiran shagon ko kallona bai yi ba. Yana tsaye a kan kujera, hannunsa cikin tankin ruwan gishiri har kafaɗa. Dogo ne siriri, da furfura a gemu da zanen Gobirawa a kumatu. A yatsunsa akwai ɗan yankin murjanin teku mai rai, irin mai laushin nan kamar tsoka, yana so ya manna shi a jikin gilashin tankin.

Yana shafa gam, yana dannawa, yana riƙewa. Da ya saki, sai abin ya yi yauƙi kamar kuɓewa ya sulale ƙasa. Ya ciro, ya goge, ya sake. Ni kuwa raina sai ɓaci yake.

"Sannu da aiki," na ce.

"Dagiga," ya amsa da Larabci, wai in jira, yana satar kallon ƙofa. Ina zaton aikin Hajji ne ya kawo shi tun tuni, jirgi ya tashi ya bar shi, iƙama kuma, wato takardar izinin zama, babu.

Daga ciki Balarabe mai shagon ya ce, "Yalla, halas," wai ya yi sauri ya gama.

Murjanin ya sake zamewa. Mutumin ya ja tsaki, ya sunkuyar da kansa, ya yi wa murjanin magana ƙasa-ƙasa da Hausar Gobir tsantsa:

"Kama mana, don Allah. Ni ma ba nan anka haihe ni ba, ga ni zamne."